Fatar Tangaran: Tarihin Yumɓun da Iska Ke Ratsawa

Ƴan'uwa ɗalibai, in an ce tangaran, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kwanukan da uwa ke jera wa ɗiyarta a ɗakin aure, ko kofin shayin nan da tsofaffi ke kira faɗi-ka-mutu. To akwai wani tangaran ɗin da ba a cin tuwo a cikinsa. Yana maƙale a salansar motoci da yawa da ke jigila tsakanin Dungas da Maigatari, kuma irinsa yuraniyom ɗin Arlit ya riƙa komawa a da kafin ya ba Faransa wuta. Abin da ya raba shi da sauran: in ya ɗau zafi, oksijin na bi ta cikin jikinsa ƙwaya-ƙwaya, alhali ko huda ɗaya babu a jikinsa. Tarihinsa ya haura shekara 200, kuma sai da aka yi kusan ƙarni guda ana cin moriyarsa kafin wani ya ga fatarsa, wato sahun ƙwayoyin zarra na can waje, inda duk wata shiga da fita ke faruwa. Labarin wannan fatar nake so mu bi.

Abin da maginiya ta riga ta sani

Mu fara daga gida. Duk wanda ya taso a ƙasar Damagaram ya san tukwanen Mirriya, ya kuma san randa daban, tukunyar girki daban. Yumɓu ɗaya ne, wuta ɗaya ce, ta kara da kashin shanu, wadda zafinta galibi yake tsakanin digiri 600 da 900. Bambancin yana ga abin da maginiya ta yi wa bayan tukunyar. Randa ana barinta da ƴan ƙofofinta masu ƙanƙanta don ta yi naso. Ruwan da ya tsattsafo iska ta kwashe shi, shi ne na ciki ke yin sanyi. Tukunyar da ake so ta riƙe ruwa kam, ita ake gogewa da dutse mai santsi tun tana ɗanya, har bayanta ya yi sheƙi, ƙofofin su toshe. Kuma kowace uwar gida ta san tsohuwar randar da gansakuka da farin kanwa suka lulluɓe ba ta sanyaya ruwa kamar sabuwa, ko da ba ta tsage ba.

Harshenmu ma ya ɗauki tukunya tamkar mai rai: tana da baki, da wuya, da ciki, da baya, da gindi. Don haka in na ce "fata" a wannan rubutu, ban fita daga tsarin Hausa ba. Kalmar da Turawa ke amfani da ita wa dukan wannan dangi, seramik, daga Girkanci take, keramos, ma'anarta yumɓun maginin tukwane. Ka ga ke nan su ma daga gindin maginiya suka tashi.

Sai dai mu riƙe bambanci ɗaya. Ruwan randa ta huda yake bi. Tangaran ɗin da za mu yi magana a kai an gasa shi har ya haɗe tam, iska ba ta da wurin kutsawa. Yadda oksijin ke ƙetare shi duk da haka, shi ne abin da ya ɗaure wa masana kai shekaru da dama.

Tagwayen 1789

A shekarar 1789, shekarar juyin juya halin Faransa, wani mai haɗa magunguna a birnin Balin na Jamus, Martin Heinrich Klaproth, ya fito da sababbin sinadarai biyu daga duwatsu. Na farko ya samo shi daga dutsen ado da ake kira zirkon, sunan da masana harshe ke dangantawa da wata kalmar Farisanci mai nufin launin zinariya. Farin garin da ya fitar shi ne zirkoniya. Na biyun ya raɗa masa sunan duniyar Yuranus da aka gano a 1781, ya zama yuraniyom. Klaproth ya ɗauka tsantsar ƙarfen yuraniyom ne a hannunsa, ashe ƙarfen ne haɗe da oksijin. Sai a 1841 Eugène Péligot ya ware ƙarfen a Faris. A 1803 kuma Klaproth ɗin nan dai, lokaci guda da wasu masana biyu a Suwidin, ya gano na uku, seriya.

Ku riƙe waɗannan ukun, domin ƴan ɗaki ɗaya ne. In an haɗa kowannensu da oksijin, ƙwayar ƙarfe ɗaya na tafiya da ƙwayar oksijin biyu. Yuraniyom da seriya jerinsu iri ɗaya ne sak, ita kuma zirkoniya tana shiga wannan jerin in ta yi zafi ƙwarai ko in an gauraya ta da wani sinadarin. Jerin kamar ɗakuna ne masu kusurwa huɗu da aka ɗora kan juna, faɗin kowane ɗaki kusan rabin nanomita. Nanomita kuwa shi ne a raba milimita ɗaya gida miliyan.

Matafiyi

Mataki na biyu a Landan aka taka shi. Michael Faraday yana ta gwajin ratsa lantarki cikin ruwan da aka narkar da gishiri, ya ga wasu ƙwayoyi na tafiya zuwa wannan waya, wasu zuwa waccan. Ya rasa sunan da zai ba su, sai ya nemi shawarar William Whewell na Kambirij, mutumin da ya san Girkanci sosai. A 1834 suka tsaya kan kalmar ayon, daga aikatau na Girkanci mai nufin tafiya. Fassararta kai tsaye: matafiyi. Ayon dai ƙwayar zarra ce da ta yi rarar ilaktaron ko ta yi giɓinsa, don haka take ɗauke da caji, lantarki na iya janta.

Cikin ruwa wannan ba abin mamaki ba ne. Masu dafa gishirin Manga, da ke tace ƙasa su tafasa ruwan cikin ƙananan tukwanen yumɓu, aikinsu ke nan tun kafin a haifi Faraday: su saki matafiyan cikin ruwa, su kuma kama su da wuta. Amma a cikin waɗannan shekarun na 1830 Faraday ya lura da wani abu dabam. Wasu daskararrun sinadarai na azurfa da na dalma, in suna da sanyi lantarki ba ya wuce su, in an gasa su sai ya wuce, alhali ba su narke ba. Ya rubuta abin da ya gani, bayanin kuwa ya jira wasu.

Fitilar da ake kunnawa da ashana

A 1897 Walther Nernst na jami'ar Gotingin ya yi rajistar wata fitilar lantarki da ba ta da zaren ƙarfe ko na gawayi. Ɗan siririn sandan tangaran ne, kashi 85 cikin 100 zirkoniya, kashi 15 yitriya, wani farin gari da ya ci sunan ƙauyen Ytterby na Suwidin inda aka fara haƙo dutsensa. Sandan nan in yana da sanyi, ko ka jona shi da wuta shiru kake ji. Sai an fara ɗumama shi, a fitilun farko har da ashana ko ƴar wutar barasa, sannan lantarki ya kama hanya, ya ci gaba da riƙe zafinsa da kansa, yana ba da farin haske. Kamfanin AEG ya ƙera su, aka baje su a babban bikin baje koli na Faris a 1900. Ba su daɗe a kasuwa ba, ƙwan fitila mai zaren tangistan ya kore su.

Fitilar ta mutu, sandan ya rayu. A 1937 Emil Baur da Hans Preis a Zurik suka gwada juya aikin: maimakon a ba tangaran wuta, a sa iska a gefe guda, makamashi a ɗaya gefen, shi ya ba da wutar. Sai a 1943, shekara 46 bayan fitilar, Carl Wagner ya bayyana abin da ke gudana a ciki.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bayanin Wagner ita ce dara. Gidan dara gurbi 30 ne, ƴaƴa 24, saura gurbi shida babu kowa. Waɗannan shidan su ne wasan. Da za a cike duka 30, ba ɗan da zai motsa. Tsantsar zirkoniya kamar cikakken gidan dara take. Amma ƙwayar zirkoniyom cajinta huɗu ne, ta yitriyom uku. Duk inda yitriyom biyu suka zauna a mazaunin zirkoniyom biyu, lissafin caji ba zai daidaita ba sai an rage oksijin ɗaya. Nan gurbi ya samu. In zafi ya kai, oksijin ɗin da ke maƙwabtaka sai ya tsallaka cikin gurbin, ya bar nasa a buɗe, na bayansa ya shigo. Haka matafiyi ke ƙetare daskararren abu, gurbi zuwa gurbi. Zafin ashanar Nernst shi ne ƙarfin tsallaken farko.

Hanya lafiya, ƙofa a rufe

Da aka gane cikin, sai aka ɗauka an gama. Ina! Oksijin na iska ba a matsayin ayon yake yawo ba, ƙwaya biyu ne manne da juna. Kafin ya shiga, dole ya sauka a kan fatar tangaran, ya rabu biyu, kowane ɓari ya karɓi ilaktaron biyu, sannan ya sami buɗaɗɗen gurbi a sahun waje ya faɗa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, duk gurabun ciki zaman banza suke.

Mu ƴan bakin iyaka ba sai an yi mana dogon bayani ba. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, hanyar Dungas ba ta lalace ba, motoci na nan, kaya na nan, direbobi na nan. Ƙofa ce kawai aka rufe, kasuwa ta tsaya, har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe Maigatari cikin iyakoki huɗu na farko. Fatar tangaran ita ce Maigatarinsa.

Matsalar ita ce ganin ƙofar. Sahun waje kaurinsa ƙwaya ɗaya ne, a ƙarƙashinsa kuma sahu miliyoyi. Duk hasken da ka aika sai ya zarce ciki ya kawo maka labarin ciki. An fara samun bakin zaren a 1927, lokacin da Clinton Davisson da Lester Germer a Amurka suka harba ilaktaron marasa ƙarfi a kan ƙarfen nikel, suka ga suna dawowa da zanen jerin ƙwayoyin saman. Amma wannan dabara ta fi jin daɗin ƙarfe. Tangaran ba ya barin ilaktaron su wuce, sai su taru a kansa su ɓata awon.

Da ido ya gaza, sai lissafi ya shigo. A 1979 P. W. Tasker, a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell a Ingila, ya nuna cewa halin fata ya dogara ga yadda aka yanka jerin. Kamar rake ne: yankan tsaye daban, na kwance daban, na karkace daban. In ka yanki dangin su yuraniyom ta wata kusurwa, sahun na zuwa uku-uku, oksijin, ƙarfe, oksijin, caji ya kashe caji, fatar ta zauna lafiya. In ka yanka ta wata, sahun oksijin zalla ne ke biye da sahun ƙarfe zalla, cajin ya yi ta taruwa, fatar ba za ta tsaya a haka ba sai ta sake jera kanta, misali ta zubar da rabin oksijin ɗin sahun waje. Ashe fata ba ci gaban ciki ba ce kawai, tana da nata tsarin.

A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Zurik suka ƙera na'urar da ta sa aka ba su kyautar Nobel a 1986. Allura ce da aka fiƙe har tsininta ya koma ƙwaya ɗaya. Ana kai ta dab da fata ba tare da ta taɓa ba, ƴar wuta ƙanƙanuwa na tsallakawa tsakaninsu, ana jan allurar sahu-sahu kamar makaho na lalube da sanda, kwamfuta na zana tudu da kwari. Ita ma sai abin da ke wuce lantarki take karantawa, don haka a 1986 Binnig da abokan aikinsa suka fito da ƙanwarta, mai auna ƙarfin ja tsakanin allura da fata. Wasu kuma suka koma dabarar Nernst, su gasa tangaran ɗin har ya yarda. Da haka masu bincike a Oksfod suka ga jerin ƙwayoyin fatar yuraniyom mai oksijin a shekarun 1990. A 2005 kuma wasu a Tiriyesta ta Italiya suka buga hotunan fatar seriya inda ake ganin gurabun oksijin ɗaya-ɗaya, wasu a ware, wasu sun yi layi. Gurbin da Wagner ya hango da lissafi, sai bayan shekara 62 aka gan shi haka a fili.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga Holan ya fito. A Aindoben an ƙware kan wata dabara ta jifan fata da ayon na iskar hiliyom. Yadda ka jefa tsakuwa cikin duhu ka gane daga ƙarar ko kwano ka samu ko ƙwarya, haka ƙarfin dawowar ayon ke faɗin nauyin ƙwayar da ya doka, kuma sahun waje kaɗai yake gani. A farkon shekarun 2000 suka duba zirkoniya mai yitriya da aka gasa, suka tarar sahun wajenta baƙi ne suka mamaye shi: silikon, da kalsiyam, da sodiyam. A cikin jikin ba su taka kara sun karya ba, amma zafi na koro su waje su taru a bakin ƙofa. To mene ne silikon? Shi ne cikin rairayi. Sodiyam kuwa shi ne cikin gishiri da kanwa. Ciwon tsohuwar randa ke nan, a ma'aunin ƙwayar zarra. Har yau babban yaƙin masu ƙera injinan wuta na tangaran shi ne wannan: suna so su sauko da zafin aiki daga wajen digiri 1000 zuwa 600, kuma duk sa'ad da suka sauko, ƙofa ce ke riga hanya cijewa.

Yadda abin ya iso garejinmu

A 1976 kamfanin Bosch ya fito da ɗan tangaran na zirkoniya mai siffar kan yatsa, aka fara sa shi a motocin Volvo. Makanikai na ce masa sansa. Ana ɗaura shi a bututun hayaƙi, cikinsa na shaƙar iskar waje, bayansa na shaƙar hayaƙi. In ya kai zafin digiri 300 da wani abu, bambancin oksijin na ɓangarorin biyu na sa ya fitar da ƴar wuta, tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt. Da ita kwamfutar mota ke gane ko mai ya yi yawa ko iska, ta daidaita.

Abin da ke kashe shi ba fashewa ba ne galibi, rufewar fata ce. Dalmar da ake zubawa a fetur a da tana lulluɓe shi. Sai bayan taron Dakar na 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina irin wannan man, a farkon 2006. Bayan ita akwai baƙin man da tsohon inji ke ƙonawa, da wasu gam na silikon da ake liƙe inji da su. In sansa ya makance, mota na ci gaba da tafiya, sai dai shan mai ya ƙaru, direba ya yi ta zargin mai sayar masa da fetur a kwalba.

A bayan sansa kuma akwai wani tangaran mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikan Najeriya suka raɗa wa suna indomi saboda kamarsa da taliyar. An shafe ramukansa da seriya da zirkoniya da ɗan ƙarfen filatinam da danginsa. Fatar seriya na haɗiye oksijin in ya yi yawa, ta sako shi in ya yi ƙaranci, a ƙone gubar hayaƙin. Saboda tsadar ƙarfen, sau da yawa ana farke salansa a cire shi a sayar. Kuɗin na tafiya aljihu ɗaya, hayaƙin kuma ya shiga ƙirjin mai tallan da ke tsaye a tasha.

Gari muke fitarwa

Ɗan'uwan tagwaicin zirkoniya kuwa a ƙasarmu yake kwance. An gano yuraniyom a Azelik a 1957. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara haƙa a Arlit a 1971. COMINAK ta fara a Akuta a 1978, ta rufe a watan Maris na 2021. Shekaru da dama abin da ke fita daga can gari ne mai ruwan ɗorawa, cikin durom, a bi da shi ta Kwatano zuwa Faransa. A can ake tace shi, a mai da shi baƙin gari na yuraniyom mai oksijin biyu, a danna shi ƴan dunƙule kamar kan ɗan yatsa, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1700. Ginin tukwane ne wannan, ba wani abu ba: kwaɓi, dannawa, gashi. Sannan a jera dunƙulen cikin dogayen bututu na ƙarfen zirkoniyom. Tagwayen Klaproth sun sake haɗuwa ke nan, ɗaya a cikin ɗaya.

Nan ma fata ce abin tsoro. In dunƙulen ya haɗu da iska yana da zafi, ta fatarsa yake shan oksijin har ya kumbura ya koma gari, shi ya sa masu ajiye tsohon makamashin nukiliya ke kashe kuɗi kan sanin sahun wajensa. Duk wannan ilimin a can yake. Mu namu ya tsaya a durom. Kuma ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da aka yanke layin wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, garuruwan ƙasar da ke da yuraniyom suka kwana a duhu.

Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fiziks ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Shi ɗin ne kuma ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya kare koyar da yara cikin harsunansu. A wurinsa aikin biyu ɗaya ne. Faraday ma da ya ga sabon abu, wurin masanin harshe ya je neman suna. Mu da ke karatun harshe muna da gurbi daga dara, da fata, da naso, da matafiyi, kuma kun ga sun ɗauki bayanin ba tare da sun karye ba. Sauran kalmomin suna bakin maginan Mirriya da na ƙauyukan Magarya da Dungas: sunan kowane irin yumɓu, sunan dutsen guga, sunan tukunyar da wuta ba ta ratsa ba. Robobi da bokitai na cinye kasuwarsu, tsofaffin cikinsu kuma suna tafiya. Wanda zai je gida hutun nan, ya tafi da littafi da biro.